Allon ESP32 yana mutuwa yana tashi da kansa duk lokacin da famfo ya kama aiki

Ɗalibi daga Arkilla ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawararku game da wani aiki da na sa a gaba, wato na'urar da za ta riƙa ba wa albasa ruwa da kanta a gonar kawuna da ke fadamar Kware, domin a rage zirga-zirgar da ake yi daga cikin gari a lokacin noman rani. Allon da nake amfani da shi ESP32 DevKit ne, wato ƙaramin allon kwamfuta mai Wi-Fi, mai ƙafafu 30, wanda ke ɗauke da modul ɗin WROOM-32, kuma da manhajar Arduino IDE nake rubuta kod ina ɗora masa.

Yadda haɗin yake shi ne, akwai batir mai 12V wanda faifan sola ke yi wa caji, kuma daga wannan batir na sa regileta 7805 ta sauke wutar zuwa 5V ta shiga ƙafar VIN. Daga wannan 5V ɗin ne kuma modul ɗin rile yake samun wuta, shi kuma rile, wato makunnin da allon ke sarrafawa, yana kunna ƙaramin famfo mai 12V da ke jan wuta daga batir ɗin. Sensar auna damshin ƙasa tana kan ƙafar allon mai suna GPIO4, wayar da ke ba wa rile umarni kuma tana kan GPIO12. Allon yana aika awo zuwa intanet ta hanyar ƙaramar rauta mai layin waya da za a ajiye a rumfar gona.

A kan tebur, idan kebul ɗin USB ne kaɗai ke ba shi wuta kuma ba a haɗa rile ba, allon yana tashi lafiya. Amma da zarar an haɗa komai, wani lokaci ba ya tashi ko kaɗan sai na zare wayar rile, kuma idan ya tashi, da famfo ya kama aiki sai ya mutu ya sake farawa daga farko. Haka kuma sensar tana ba da awo mai ma'ana kafin Wi-Fi ya haɗu, amma bayan ya haɗu sai lambar ta tsaya wuri ɗaya, ko ƙasar a bushe take ko a jiƙe. Na sauya kod ɗin ta hanyoyi daban-daban ba tare da an sami sauyi ba, har na fara tunanin ko allon ne jabu. Shin in sayi wani allon ne, ko kuwa akwai abin da ya kamata in duba tukuna? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyaran Inbata ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi gaggawar sayen wani allo, domin sabon ma haka zai yi maka a kan wannan haɗin. Mutuwa da tashi a daidai lokacin da famfo ya kunna alamar faɗuwar wuta ce, kuma irin wannan muke gani kullum a wurin aiki. Famfo yana jan wuta mai yawa a farkon tashinsa, ninki da yawa a kan abin da yake ja idan ya daidaita, kuma idan siririyar waya ɗaya ce ke ɗauke da wutar famfo da ta allon, dole allon ya ji a jikinsa. Ka ja wa famfo tasa wayar mai kauri tun daga kan batir, ka ja wa allon tasa daban, sannan ka sa kafasita, wato abin da ke riƙe ɗan wuta ya cike giɓi idan ta faɗi, mai 470µF ko sama da haka a kan layin 5V kusa da allon. Ka kuma taɓa jikin 7805 ɗin bayan ta yi aiki na ɗan lokaci, ina kyautata zaton za ka ji ta yi zafi sosai.

Idan duk da haka bai daina ba, akwai layi ɗaya da ake sawa a farkon kod wanda ke kashe mai gadin faɗuwar wuta na cikin allon, kuma na ga masu yin haka allonsu ya daina sake tashi.

Injiniya daga Mabera ya amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari, kuma aikin naka yana da amfani ƙwarai ga masu noman rani. Na yarda da abin da maigida Mai Gyaran Inbata ya faɗa game da waya da kafasita, amma ban goyi bayan kashe mai gadin faɗuwar wuta ba, kuma zan faɗi dalili. Wannan mai gadi yana sake tayar da allon ne idan wutar da ya kamata ta tsaya a 3.3V ta sauka zuwa kusan 2.4V, domin a ƙasa da haka ba a da tabbacin cewa allon zai karanta ma'ajiyarsa daidai ko ya rubuta a cikinta daidai. Kashe shi kamar a toshe bakin mara lafiya ne don kada a ji nishinsa. Wutar za ta ci gaba da faɗuwa, sai dai maimakon allon ya sake tashi a tsanake, yana iya daskarewa alhali famfo yana kunne, kuma a gonar da babu kowa wannan ya fi sake tashi muni nesa ba kusa ba.

Abin da na fahimta daga bayaninka shi ne matsaloli uku ne daban-daban suka haɗu maka, kowace da musabbabinta, shi ya sa sauya kod bai warware komai ba. Kuma duka ukun allon yana iya gaya maka su da bakinsa idan ka saurare shi. Ka buɗe Serial Monitor, wato tagar Arduino IDE da ke nuna saƙonnin allon, ka sa saurinsa a 115200, ka karanta layukan da yake fitarwa tun kafin kod ɗinka ya fara aiki, domin a nan ne yake faɗin dalilin tashinsa na baya. Sai dai akwai tarko a nan: idan ka soka kebul ɗin USB don ka karanta saƙon, kwamfutar za ta ba allon wuta mai kyau, sai matsalar ta ɓuya, kuma ba kowane allo ne ke da dayod, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da ke raba wutar USB da ta VIN ba. Hanyar da ta fi ita ce ka nemi ƙaramin adafta na USB zuwa siriyal, irin mai CP2102 ko CH340, ka haɗa ƙafarsa ta RX da ƙafar TX0 ta allon, ka haɗa GND da GND, kada ka haɗa wayar wuta ko ɗaya. Ta haka za ka ji abin da allon ke faɗa a kan wutar da zai yi aiki da ita a gona.

Batun ƙin tashi sai an zare wayar rile, kusan babu shakka GPIO12 ce. ESP32 yana da wasu ƙafafu da yake dubawa a daidai lokacin tashi domin ya san yadda zai tsara kansa, su ne GPIO0 da GPIO2 da GPIO5 da GPIO12 da GPIO15. Ita GPIO12 ita ce ke zaɓar ƙarfin wutar da za a ba wa ma'ajiyar filash, inda kod ɗinka yake zaune: idan ya same ta a ƙasa sai ya ba da 3.3V, idan ya same ta a sama sai ya ba da 1.8V. Filash ɗin da ke cikin WROOM-32 mai 3.3V ne, yawancin modul ɗin rile kuma suna jan ƙafarsu ta IN zuwa sama idan ba a ba su umarni ba. Sakamakon haka shi ne allon ya ba wa ma'ajiyarsa wutar da ba ta ishe ta ba, ya kasa karanta kod ɗinka, ya yi ta juyawa. Ka mayar da rile kan GPIO23 ko GPIO26. Ka kuma kiyaye GPIO6 zuwa GPIO11, domin su na filash ne, da GPIO34 zuwa GPIO39, waɗanda karɓa kawai suke yi, ba sa iya kunna komai.

Batun sensa kuma ya fi sauƙi. A cikin ESP32 akwai ma'auni biyu masu mayar da ƙarfin wutar sensa zuwa lamba, ADC1 da ADC2, kuma sashen Wi-Fi yana amfani da ADC2, saboda haka muddin Wi-Fi yana aiki ba za ka dogara da awon da ya fito daga can ba. GPIO4 tana cikin ADC2, haka ma 25 da 26 da 27 da 12 zuwa 15. Ka mayar da sensar kan GPIO34 ko GPIO32, waɗanda ke cikin ADC1, matsalar za ta tafi ba tare da ka sauya komai a kod ba in ban da lambar ƙafa.

Inda nake so ka fi ba da hankali shi ne wutar. Takardar bayanan kamfanin Espressif ta nuna allon yana iya jan kusan 240mA a lokacin da yake aika saƙo ta Wi-Fi, kuma kamfanin ya ba da shawarar a tanadar masa wutar da za ta iya ba da 500mA ko fiye. Rilen 5V da aka saba sayarwa yana ƙara kusan 70mA. Ita 7805 ba ta mayar da rarar wuta ko'ina sai zafi, kuma batir ɗin da sola ke yi wa caji da rana yakan kai 13V zuwa 14V, wato bambancin 8V ko fiye ke nan. Idan ka ninka 8V da 0.3A za ka sami 2.4W na zafi a jikin ƙaramin abu, kuma wannan a garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa. Idan ta yi zafi fiye da kima takan yanke wuta don ta kare kanta, sai ta dawo idan ta huce, wanda shi ma mutuwa da tashi ne a wurin allon. Ka cire ta ka sa modul ɗin LM2596, mai sauke wuta ba tare da zafi mai yawa ba, amma ka daidaita shi zuwa 5V da mita kafin ka haɗa shi da allon, domin sau da yawa yana zuwa ne a kan wuta mai yawa. Sannan ka sa dayod a juye tsakanin wayoyin famfo biyu, domin ya shanye wutar da famfon ke mayarwa baya lokacin da aka kashe shi. Ka duba yawan wutar da famfon ke ja kafin ka zaɓi dayod, saboda 1N4007 na 1A ne, 1N5408 kuma na 3A.

Ka gyara ɗaya bayan ɗaya, kana karanta saƙon allon bayan kowane gyara, ka dawo mana da abin da ya rubuta.

Ɗalibi daga Arkilla ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na sami adaftan CH340 na haɗa kamar yadda Injiniya ya bayyana, kafin in taɓa komai. A lokacin da yake ƙin tashi, abin da yake maimaitawa shi ne "rst:0x10 (RTCWDT_RTC_RESET)" tare da "flash read err, 1000", kuma wannan ya daina gaba ɗaya da na mayar da rile kan GPIO26. A lokacin kunna famfo kuma ya rubuta "Brownout detector was triggered", wanda shi ma ya daina bayan na sa LM2596 da kafasita da dayod, na kuma raba wayoyin kamar yadda maigida ya ce. Sensar tana kan GPIO34 yanzu, kuma awonta yana sauyawa ko da Wi-Fi yana aiki.

Sai dai da waɗannan suka kau, wata ta bayyana. Na bar shi yana aiki a tsakar gida, sai na lura cewa idan hanyar sadarwa ta yanke, wani lokaci yakan rubuta "Guru Meditation Error: Core 1 panic'ed (LoadProhibited)" da dogayen lambobi a ƙasa, daga ciki akwai layin EXCVADDR da ke nuna sifili zalla, sannan ya sake tashi. Wani lokaci kuma ba ya rubuta komai, sai ɗigo-ɗigon da na sa ya riƙa bugawa yayin jiran Wi-Fi, kuma famfo yana ci gaba da zuba har sai na kashe da hannu. Shin wannan ma daga wuta ne?

Malama mai koyar da rubuta manhaja ta amsa:

Ɗan'uwa, wannan ba daga wuta ba ne, yanzu kam ka iso kan kod. LoadProhibited yana nufin shirin ya yi yunƙurin karanta wani wuri a ƙwaƙwalwar allon da ba a yarda a karanta ba, kuma EXCVADDR shi ne adireshin wurin da ya nufa. Idan adireshin sifili ne ko kusa da sifili, ma'anarsa ita ce wani aiki ya dawo maka da NULL, wato alamar cewa bai sami komai ba, kod ɗin kuma ya ci gaba da amfani da shi kamar ya sami abin da yake nema. Tunda abin yana faruwa ne lokacin da sadarwa ta yanke, ka duba inda kake karanta amsar da ta dawo daga intanet. Idan kana amfani da strstr ko strtok wajen tsinto wata lamba daga cikin amsar, to amsar da ta zo babu komai a cikinta za ta sa su dawo da NULL. Ka riƙa tabbatar da cewa lambar amsar HTTP ta zo 200, wato alamar cewa amsar ta zo lafiya, kafin ka taɓa abin da ke cikinta, ka kuma gwada kowane sakamako kafin ka miƙa shi ga aiki na gaba.

Ba sai ka yi ta zato ba, domin layin da ya fara da Backtrace a cikin dogayen lambobin da ka ambata yana ɗauke da ainihin wurin. Waɗannan lambobin adireshi ne na ayyukan da shirin ya bi kafin ya faɗi. A Arduino IDE ka zaɓi Export Compiled Binary domin ka sami fayil mai ƙarewa da .elf, sannan ka ba wa manhajar xtensa-esp32-elf-addr2line wannan fayil tare da adiresoshin, zai fito maka da sunan fayil da lambar layi. Sharaɗin shi ne fayil ɗin ya zama na ainihin kod ɗin da ke kan allon a lokacin da ya faɗi, domin ko layi ɗaya ka ƙara, adiresoshin sun sauya. Masu amfani da manhajar PlatformIO maimakon Arduino IDE suna sa esp32_exception_decoder a cikin monitor_filters, sai fassarar ta riƙa fitowa da kanta.

Amma abin da ya fi damuna shi ne na biyun, wanda ba ya rubuta komai. Misalan da ake koyo da su kusan duka suna jiran Wi-Fi ne da umarnin maimaitawa na while wanda ba ya fita sai an haɗu, kuma wannan ya wadatar a kan tebur, amma a gona yana nufin idan rauta ta mutu alhali famfo yana kunne, babu layin kod ɗin da zai kai ga kashe shi. Ruwa zai cika kwamin albasa, batir ya ƙare, kuma idan rijiyar ta janye famfon ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Ban ruwa shi ne aikin na'urar, aika awo kuwa ƙari ne, saboda haka kada shawarar kunnawa da kashewa ta dogara da intanet ko kaɗan. Ka yi amfani da millis() wajen auna lokaci maimakon dogon delay(), ka ba wa yunƙurin haɗuwa da Wi-Fi iyaka kamar daƙiƙa 15, idan bai haɗu ba shirin ya wuce ya ci gaba da aikinsa, ya sake gwadawa daga baya. Ka kuma sa wa famfo iyakar lokacin da ba zai wuce ba komai abin da sensa ta ce, domin wayar sensa tana iya tsinkewa ko akuya ta tumɓuke ta. Wajen lissafin lokaci ka riƙa cire lokacin farawa daga millis() kana ajiye su a unsigned long, saboda lambar tana komawa sifili bayan kusan kwana 49 da rabi, kuma albasa tana daɗewa a gona fiye da haka.

Tunda ba za ka zauna a Kware da kwamfuta a hannu ba, ka sa allon ya riƙa ajiye tarihin kansa. A farkon setup() ka kira esp_reset_reason(), wanda zai bambance maka tsakanin ESP_RST_POWERON da ESP_RST_BROWNOUT da ESP_RST_PANIC da ESP_RST_TASK_WDT, ka ajiye sakamakon da Preferences, wanda ke adana bayani a filash ko da wuta ta ɗauke, ka aika shi tare da awon farko idan sadarwa ta dawo. Ka haɗa da ESP.getFreeHeap(), mai nuna yawan ƙwaƙwalwar da ta rage, a cikin abin da kake aikawa, domin idan ka ga lambar tana raguwa a hankali ba ta dawowa, akwai inda shirin yake karɓar ƙwaƙwalwa ba ya mayarwa.

Injiniya daga Mabera ya ƙara da cewa:

Abin da Malama ta faɗa game da iyakar lokacin famfo, ka ɗauke shi a matsayin wajibi. Zan ƙara maka kaɗan kan awo da akwati kafin ka kai na'urar gona. Ma'aunin ESP32 yana ba da lamba daga 0 zuwa 4095, amma ba ya tafiya daidai a kusa da ƙarshen biyu, kuma awo ɗaya yakan yi rawa, saboda haka ka ɗauki awo da yawa ka fitar da matsakaici. Kada ka ɗauki lambar bushewa da ta jiƙewa daga wani wuri, ka auna su a ƙasar fadamar da kanta, domin laka da yashi ba sa riƙe ruwa iri ɗaya. Ka kuma sa iyaka biyu, ɗaya ta kunnawa ɗaya ta kashewa da tazara a tsakaninsu, don kada rile ya yi ta kaɗawa idan awon yana kan gaɓa.

Akwatin kuma ya zama na roba mai launi mai haske, ba na ƙarfe ba, domin ƙarfe yana tare Wi-Fi, eriyar kuma tana a bakin modul ɗin ne, sai ka bar wannan gefen babu waya ko batir a kusa da shi. Ka tabbatar rautar tana kan 2.4GHz, domin wannan allon ba ya ganin 5GHz. Ka ajiye akwatin a inuwa a ƙarƙashin faifan sola, ka huda ramukan iska ta ƙasa ka rufe su da raga saboda ƙurar hunturu da ƙwari, kuma ka cire komai daga allon gwaji mai ramuka ka like shi da dalma, domin wayoyin sokawa suna saki idan zafi da ƙura suka daɗe a kansu. Idan wata rana kawunka ya so a mayar da na'urar kan sumo, wato famfon da ake nutsarwa cikin rijiya, mai aiki da 220V, wannan ƙaramin rilen ba zai ɗauki tashin motar ba, sai dai ya kunna kontakta, wato babban makunni mai ɗaukar wuta mai yawa, kuma wannan haɗin ka bar wa ƙwararren mai aikin lantarki.